Karkatacciyar Motar Nomau

Idan ka tambayi mutanen unguwar Dagmanet ta Agadas wane ne Nomau, ba za su ce maka dogo ne ko gajere ba, motarsa za su kwatanta maka. Tsohuwar kat-kat ce, motar nan mai ja da ƙafa huɗu irin ta hamada, wadda a da fara ce, yanzu kuwa ta ɗauki launin duk inda ta bi. Ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta, madubin gefe na wata mota ne da ta riga ta gidan gaskiya, kuma tun tana fitowa daga unguwa ake jin kukanta a tasha. Shi Nomau gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum cikin rawani shuɗi, ba ya da yawan magana sai an taɓo motar.

Ni na fi kowa ikon ba da labarinsa, domin kujerar gaba tawa ce. Sunana Souwaiba, albasa da tumatir da busasshen kifi nake kai wa matan masu haƙar gawayin ƙasa a Anu Araren, kuma tun ina da haƙorana duka nake bin motar Nomau. Ba saye na yi ba, ba gado na ci ba, amma duk tashar nan ta Agadas an san kujerar da ke gefen direba ta Souwaiba ce. Akwai wani ɗan boko da ya taɓa riga ni zama a kai, ya ce wai shi ya fara zuwa. Buhun kifi kawai na ɗora masa a cinya, kafin mu fita gari da kansa ya nemi komawa baya.

Daga wannan kujera na yi shekaru ina kallon hannuwan Nomau. Abin da direba ke riƙewa yana juya mota, wanda mutanen kudu ke ce wa sitiyari, mu nan bolan muke cewa, to bolan ɗin Nomau ba irin na kowa ba ne. Na farko, a karkace yake. Idan yana so motar ta tafi sosai, sai ya murɗa shi dama kamar mai shirin shiga lungu, ya riƙe shi a haka. Na biyu, wasa gare shi mai faɗin tafin hannu, ka juya shi nan ka juya shi can ƙafafun motar ba su san ana yi ba. Saboda haka tun daga Agadas har Anu Araren hannuwan Nomau ba sa tsayawa, hagu da dama, hagu da dama, kamar mace tana tankaɗe gari. Baƙo in ya gani sai ya fara salati, mu da muka saba kuwa gyangyaɗi muke yi, don motar tafiyarta take yi sumul.

Asalin karkatar tsohon labari ne, kuma duk wanda ya shiga motar sau biyu ya ji shi sau biyu. Lokacin ƙuruciyarsa hanyar arewa Nomau yake bi, yana kai kaya da mutane yankin Kawar. Wata rana kusa da Segedin ya daki dutsen da rairayi ya rufe, dogon ƙarfen nan da ke haɗa bolan da ƙafafun gaba ya lanƙwashe, ga mutane cike da mota, ga ruwan bido, wato jarka, ya kusa ƙarewa. Ya kwance ƙarfen, ya hura wuta da kashin raƙuma, ya gasa shi, ya yi ta bugu da dutse har ya miƙe gwargwadon yadda dutse ke iya miƙar da ƙarfe. Da shi ya fito da mutanen nan da ransu. Tun daga ranar ya ce ƙarfen da ya fitar da shi daga hamadar Tenere ba zai jefar da shi a bola ba, ya kuma rantse duk wanda ya sa masa kile, wato sifana, a bolan, shi da shi ko gaisuwa babu.

Da masu yawon buɗe ido suka zo ya yi ta kai su cikin duwatsun Abzin, da suka daina zuwa ya dawo wannan gajeriyar hanya tamu, ƙarfen yana nan. Injin an sauke shi an mayar, ƙafafu an canza ba adadi, kujeru an yi musu sabuwar riga, amma ƙarƙashin gaba Nomau kaɗai ke shiga. Inda ya ji ƙara sai ya naɗe da tsohuwar roba, inda roba ta gaza ya ƙara da waya. In ka ce masa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, sai ya ce ai kayansa a gyare suke, kai ne ba ka iya kallo ba.

Gaskiya kuma karkatar ta yi masa rana. Babu mai aron motar Nomau, ko ɗan'uwa ko maƙwabci, don duk wanda ya gwada sau ɗaya ba ya sake roƙo. Ɓarawo ma ya taɓa gwadawa. Ana sallar Juma'a ya tayar da ita daga ƙofar gida, ya riƙe bolan sosai yadda kowane mai hankali zai riƙe, ita kuwa ta yanke hagu ta shige cikin zanar wani mai sayar da itace. Ya ja da baya ya sake, ta sake komawa cikin itacen. Da aka sallame aka tarar da motar tana kuka ita kaɗai, ga takalmin mutumin ƙafa ɗaya a ciki. Nomau ya rataye takalmin a madubi wata da watanni, yana gaya wa kowa cewa motarsa ta san mai ita.

Mutum ɗaya ne labarin takalmin bai taɓa ba wa dariya ba, matarsa Kadidia. Mace ce mai sanyin hali, mai kiwon awaki a bayan gida, mun san juna tun muna 'yan mata. Sau ɗaya ta shiga motar nan, suna sababbin aure, ta ga hannuwan mijinta suna tankaɗe, ta sauka ta ce ita da motar sai ranar da aka gyara ta. Biki ko suna, da ƙafa take zuwa ko a amalanke. Abin da mutane ba su sani ba, ni na sani, duk ranar da Nomau yake kan hanya Kadidia ba ta cin abin kirki, ba ta kwanciyar rana, tabarma take shimfiɗawa kusa da ƙofa tana kasa kunne. Sai ta jiyo kukan motar daga nesa take tashi ta hura wuta, ta gyara fuska kamar ba ita ba.

Sai kuma Illiya, mai garaji a bakin gudron, titin kwalta ke nan, wanda shi ne taubashin Nomau, uwar wannan ƙanwar uban wancan. Kowannensu yana kiran ɗan'uwansa bawana, har yau ba a gama shari'ar wanda ke bawan wani ba. Illiya dogo ne siriri mai baki kamar reza, ko jana'iza suka haɗu sai ya tambayi Nomau ko karkatacciyar ta kwana lafiya. Nomau ya ce ta fi mai tambaya lafiya. Duk gyaran motar Illiya ke yi, ban da bolan, kuma wannan ya tsaya masa a wuya shekara da shekaru. Yakan ce in ya mutu bai kwance ƙarfen nan ba, a sa masa kile a likkafani, ya jira Nomau can.

A bara idon Nomau ya fara yin yana. Bai faɗa wa kowa ba, sai da ya yi wa wani jaki hon yana ce masa Malam a ba mu hanya, sannan 'yarsa da ke aure a Yamai ta zo ta tasa shi gaba zuwa wajen likitan ido. Kafin ya tafi ya rufe motar da tabarmi, ya ba Kadidia makulli, ya ce a riƙa tayar da ita lokaci-lokaci kada batir ya mutu. Ƙurar motar da ta ɗauke shi ba ta gama kwantawa ba Kadidia ta aiko a kira ni.

Ta riga ta gama tunaninta, ni shaida kawai take nema. Ta ce mutum zai dawo da sabon ido, ai bai kamata ya tarar da tsohon bolan ba. Na tuna mata rantsuwar. Ta ce ta tuna, shi ya sa ba kowa za ta ba aikin ba sai Illiya, domin duk abin da taubashi ya yi maka, al'ada ba ta yarda ka yi fushi da shi ba, in ka yi ma kai za a yi wa dariya. Na dube ta da kyau, na ce ashe duk shekarun nan da ake cewa ba ta da baki, kai take ajiyewa. Awakinta ta sayar aka sayo kaya, ba ta bar ko ɗaya ba.

Ranar aikin Illiya ya zo har gida da akwatin kilensa, sanye da riga wankakkiya kamar mai zuwa ɗaurin aure. Mu biyu muka shimfiɗa tabarma a inuwa muna kallo. Ya sa kirik ya ɗaga gaban motar, ya kama ƙafar hagu da hannu biyu ya girgiza, ta yi ƙwal-ƙwal kamar haƙorin da ya kusa fita. Ya shiga ƙarƙashi ya fara warware robar Nomau, yana warwarewa yana zagi, roba kan waya, waya kan roba, har ya tara tsibi a gefensa. A wani wuri, inda ya kamata a ce akwai ɗan ƙarfen da ke hana noti kwancewa, lanƙwasasshiyar ƙusar kafinta ya samu.

A bakin kowane ƙarfe akwai gaɓa mai kan ƙwallo da suke kira rotil, ita ke barin ƙafa ta juya ba tare da ta rabu da ƙarfen ba. Illiya ya yi mana bayani cewa rotil mai lafiya ba ya fita da daɗin rai, sai an kwance noti an yi ta dukan gefensa da guduma. Na dama haka ya yi, sai da Illiya ya yi gumi. Da ya zo kan na hagu, ya gama cire robar ƙarshe, yana kai hannu zai ɗauko guduma sai abin ya zare da kansa ya faɗo masa a ƙirji. Zagin ya tsaya. Ya fito ya miƙa wa Kadidia, ƙwallon ya cinye ya zama kamar ƙwallon dabino, cikinsa ba maiko sai rairayi. Ta juya shi a tafin hannunta, ta ƙulle shi a bakin zanenta. Ni kuwa da na tuna a kan wannan ƙafar ake yi da ni kowane mako, sai da na nemi ruwa na sha.

Sauran aikin cikin nishaɗi aka yi shi. Ya sa sabon ƙarfe miƙaƙƙe da sababbin rotil, ya ɗura musu gires har ya tsattsafo, ya ɗaure dunƙulen da bolan ke shiga cikinsa kaɗan-kaɗan har wasan ya tafi. Ya ja zare tsakanin ƙafafun gaba, ya gwada ta gaba ya gwada ta baya, ya murɗa ya sake gwadawa har suka daidaita. Da ya zagaya unguwa da ita ya dawo, da yatsa biyu yake riƙe da bolan yana washe baki. Sai a lokacin tsoro ya kama Kadidia, ta ce kada a faɗa wa Malam tukuna, a bari ya huta gajiya. Illiya ya kwaɓa tsohon baƙin mai da ƙasa ya shafe sababbin ƙarafan tas, ya ɗauko 'yan robobi ya naɗa don ado, ya tafi da lanƙwasasshen ƙarfen garajinsa.

Nomau ya dawo da ido garau, yana karanta allon shaguna da ƙarfi tun daga tasha, yana gaya wa mutane sun tsufa. Da ya huta muka yi lodi kamar kullum, na hau kujerata ina jiran in ga murna. Ya yi bismilla, ya tayar, ya murɗa bolan dama yadda ya saba. Motar, wadda yanzu take jin magana, ta nufi dama kai tsaye wajen teburin mai shayi. Ya fizgo ta, hannuwan suka shiga tankaɗensu, ita kuma duk abin da suka ce sai ta yi, hagu, dama, hagu, dama, muka hau gudron muna rangaji kamar an yi mana kiɗa. Masu kabu-kabu suka watse, wata mai tallan fura ta jefar da ƙwarya ta haye dakali, a baya mata suna ta kalmar shahada. Wani jandarma ya tsayar da mu ya leƙo, ya shinshina bakin Nomau, mutumin da ko taba bai taɓa sha ba.

Ba mu fita gari ba ranar. Ya gangara gefe ya kashe mota, ya ce kansa ke ciwo, kowa ya nemi wata. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ya zauna ya ɗora hannuwan a cinya yana kallonsu. Na so in yi magana na tuna alkawarin da na yi wa Kadidia, sai na sauke buhunana. Mutanen kudu suna da wata magana da suke tsokanarmu da ita, gyaran gangar Abzinawa, wato gyaran da ya fi ɓarna muni. Kullum in na ji ta sai na yi faɗa, amma ranar nan ni da kaina na faɗe ta a zuci.

Daga nan Nomau ya daina zuwa tasha, gari kuwa ya samu abin taunawa. Wasu suka ce likitan Yamai ne ya mayar masa da ido a karkace, wasu suka ce aljanin motar ne ya yi fushi an bar shi cikin tabarmi. Waɗanda suka fi mugunta suka ce ba komai ba ne illa tsufa, lokaci ya yi da zai sayar da ita ya riƙe carbi. Wannan ta ƙarshe ita ta fi yi mini zafi, don na san Nomau, in aka raba shi da hanya an gama da shi. Kadidia ta rame, kullum tana cewa gobe za ta faɗa masa, goben ba ta zuwa. Ni kuma na koma bin wani matashin direba mai kiɗa kamar gidan biki, wanda ya ce kujerar gaba ta wanda ya fara zuwa ce, kifina ma bai dame shi ba.

Abu ɗaya ne ya ɗaure wa Kadidia kai. Kowace safiya bayan ya karya sai ya fita da motar a hankali kamar mai rakiyar gawa, ya ce zai ɗumama inji, ba ya dawowa sai rana ta take. Ta ɗauka masu saye yake nema, ta kasa tambaya.

Wata safiya na hau kabu-kabu zan je garakan bakin koramar Telwa cinikin albasa, sai na hango ƙura tana kai da kawowa a wani fili da ba hanya. Kukan motar ko a kabari na ji shi zan gane. Na sallami mai babur na ƙarasa da ƙafa. An jera duwatsu layi biyu, dogon layi, faɗinsa daidai mota, kuma rabin duwatsun an riga an watsar da su. Motar ta taho tana rangaji ta tsaya a gabana. A ciki ga Nomau kai ba rawani, ashe sanƙo gare shi, ban taɓa sani ba. Rawanin ya zagaya shi ta baya ya ɗaure damatsansa da jikinsa tamau, ya ƙulle a ƙirji, don kada hannuwan su motsa.

"Ke Souwaiba, juya bayanki in naɗa rawanina," ya ce.

Na juya, ina cije leɓe don kada dariya ta ƙwace. Da ya gama ya fito muka zauna a inuwar motar. Na yanke shawara alkawari ko ba alkawari yau sai na faɗa, na fara da cewa akwai abin da ya kamata ya sani game da bolan ɗin nan. Ya ɗaga mini hannu.

"Na shiga gida ban ji kukan akuya ba. Na shiga mota na ji bolan ya yi tauri. Ido aka gyara mini a Yamai, ba hankali aka cire ba. Bawan nan ya shafe ƙarfe da ƙasa, wai don kada in gani, ni da aka ba sabon ido."

Na ce to me ya hana shi magana, ya bar baiwar Allah tana ramewa?

"In ce mi? Wanda ya taɓa taubashina ne, ba ni da ikon hushi. Wadda ta sa shi ta saida awakinta duka. Abin da ya rage in faɗa ɗaya ne, Nomau da ya ratsa Tenere bai iya tuƙa mota mai lahiya ba. Wa zan gaya ma wannan?"

Dariyar ta tafi. Tausayinsa ya kama ni sosai, don na gane ba motar yake jin kunya ba, hannuwansa ne suka ƙi shi, kuma sabo turken wawa ne ko ga mai wayo. Na ba shi labarin rotil ɗin hagu, yadda ya faɗo da kansa, da yadda Kadidia ta ƙulle shi a zane. Na gaya masa zancen tabarmar bakin ƙofa ma, wanda ba a aike ni in faɗa ba. Ya daɗe yana tona ƙasa da tsinke. Daga baya ya miƙe ya shiga gyara duwatsun da ya watsar, ni ma na tashi na taya shi.

Albasar ranar ba a saye ta ba. Na hau kujerata na ce ya bar rawani a kansa inda Allah ya ajiye shi, ni zan zama igiyar. Da farko tsawa nake yi masa in na ga hannu ya motsa, tsawar ta ƙara rikita shi. Na gwada dukan gaban mota, ya taka burki muka kusa fasa goshi. Can dabara ta zo mini, hannun na fara tankaɗe sai na yi kukan akuya. Ya dube ni kamar zai cinye ni, amma hannun ya tsaya cik. Haka muka yi ta yi safiya bayan safiya, tsohuwa mai jikoki tana mee a cikin mota, tsoho yana zufa yana bin layin duwatsu. Wani Buzu mai raƙumi ya taɓa tsayawa ya kalle mu, ya girgiza kai ya canza hanya. A hankali kukan ya ragu, duwatsun suka daina watsewa, har ya fara matso da layin yana rage faɗinsa.

Illiya bai san da wannan ba, shi dai ya ga taubashinsa ya bar tasha, abin ya hana shi sakat, har ba'ar ta bushe a bakinsa. Wata ranar kasuwa da safe, ina ƙofar gidan da buhunana don mun shirya ranar za mu koma hanya, sai ga shi da lanƙwasasshen ƙarfen a kafaɗa da akwatin kile a hannu. Ya yi sallama, Kadidia ta fito, Nomau yana goge madubi. Illiya bai kira shi bawa ba, da sunansa Nomau ya kira shi, abin da ban taɓa ji ba. Ya ce shi ya yi aikin, ba wanda ya sa shi, ga ƙarfen ya kawo, in an yarda yanzu zai mayar da shi yadda yake. Kadidia ta buɗe baki za ta ce ƙarya yake yi ita ta sa shi, sai mijinta ya riga ta miƙa hannu.

Nomau ya karɓi ƙarfen ya duba shi tun daga wannan baki har wancan, ya shafa inda dutse ya bar tabo. Sannan ya ce tun da aka halicci bayi bai taɓa ganin marar kunya irin wannan ba, ya saci kayan ubangidansa ya kuma dawo yana neman lada. Illiya ya yi ajiyar zuciya, ya ce ai ɓarawon da ya saci abin nan sadaka ya yi wa mai shi. Nomau ya ɗauki gudumar Illiya ya shiga bayan gida inda awaki suke a da, muka ji yana bugu. Da muka leƙa ya kafa ƙarfen a ƙasa ya zama turke, ya ce akuyar farko da za a sayo a nan za a ɗaure ta.

Ya wanke hannu, ya zagayo ya buɗe ƙofar gaba. Na tattara zanena zan hau kamar kullum, sai na ga ba ni yake kallo ba.

"An gyara ta," ya ce wa Kadidia. "Ke kika ce sai ran da aka gyara."

Ta koma ciki ta ɗauko mayafi. Ni Souwaiba, da ɗan boko bai tayar ba, da matashi mai kiɗa ya sha zagina a kan kujera, na zagaya baya na hau kan buhun albasa ba wanda ya roƙe ni. Illiya ya ɗaure mana ƙofar da igiya yana cewa in mun ga ta nufi teburin mai shayi mu yi tsalle.

Muka ɗebi matafiya muka ratsa tasha mutane suna miƙewa suna kallo, mai shayi ya janye teburinsa don kada a ce bai yi hattara ba. Motar ta hau gudron ta miƙe sosai. Kadidia ta riƙe ƙofa da hannu biyu, idonta a kan hannuwan mijinta, su kuwa suna nan a inda ya ajiye su. Sau ɗaya, wajen wani rami bayan mun fita gari, na ga kafaɗarsa ta fara motsi, na yi mee ƙasa-ƙasa, sauran matafiya suka waiwayo suna neman akuyar. Ban kula su ba.

Da muka yi nisa na leƙa ta tsakanin kawunan mutane in ga yadda take. Ta saki ƙofar, kanta ya jingina da kujerata, mayafin ya zame kaɗan. Nomau ya rage gudu yana kauce wa ramuka ɗaya bayan ɗaya, ko hon bai ƙara yi ba. Rana tsaka, mijinta yana kan hanya, Kadidia tana barci.